Montar ko cabalgar: yadda ake sarrafa aikatau na hawan doki a Sifaniyanci

Tambaya: Malam, ina koyon Sifaniyanci da kaina. Na duba ƙamus ina neman yadda ake cewa hawan doki, sai na tarar da kalmomi biyu, montar da cabalgar. Wacce ya kamata in riƙe, kuma yaya ake sarrafa su? Na rubuta yo cabalgé da nufin in ce na hau doki, aka ce mini kuskure ne, ni kuwa ban ga inda kuskuren yake ba.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Riƙe montar tukuna. Ko a Madrid ne, ko Bogota, ko birnin Meksiko, in ka tambayi mahayi abin da yake yi ranar hutu, amsar da za ka ji ita ce monto a caballo. Cabalgar ma kalma ce ingantacciya, sai dai wurinta daban, zan zo kanta. Kuskurenka kuwa na harafi ɗaya ne tak: cabalgué ake rubutawa, da u a tsakanin g da é. Amma in na tsaya a nan, gobe za ka sake yin irinsa a wani aikatau, don haka bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Abin da ke fara rikita Bahaushe a wannan harshe shi ne inda ake ajiye mai aiki da lokacin aiki. Mu a gaba muke ajiye su. Na hau, kin hau, sun hau, zan hau, nakan hau: kalmar hau tana zaune daram, 'yar kalmar da ke gabanta ce ke sauyawa tana gaya maka wa ya yi, kuma yaushe. Sifaniyanci ya kwashi wannan aikin duka ya kai ƙarshen kalma. In ka taɓa karanta sarfu a makarantar islamiyya, abin ba baƙo ba ne a gare ka: rakibtu, rakibta, rakibti, rakiba, rakibna. Saiwa ɗaya, ɗafa-ƙeya na sauyawa. Haka montar yake. Ka cire -ar na ƙarshe, sai saiwar mont- ta rage, a kanta ake ɗora komai.

Aikatan harshen kashi uku ne, masu ƙarewa da -ar, da -er, da -ir. Kashin -ar ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba, kuma duk sabon aikatau da zamani ya kawo nan yake shiga, kamar chatear na hira a waya. Montar yana bin ƙa'idar wannan kashi ba ya kauce mata ko sau ɗaya, shi ya sa nake ganin ka yi sa'ar wurin farawa. In ka iya shi, ka iya hablar da comprar da caminar da dubban irinsu.

Ga lokaci mai ci: yo (ni) monto, tú (kai ko ke) montas, él ko ella (shi ko ita) monta, nosotros (mu) montamos, vosotros (ku) montáis, ellos (su) montan. Tun da ƙarshen kalmar ya riga ya nuna mai aikin, ba a faye furta yo ko tú ba. Monto kawai ta wadatar. In ka ji an ce yo monto, to akwai jaddadawa a ciki, kamar ka ce ni kam nakan hau, wani ne dai ba ya hawa. Ɗalibi yakan cika zancensa da yo, yo, yo, kuma kunnen mai harshen yana jin nauyin hakan. Sannan aikatau a nan ba ruwansa da mace ko namiji. Ka hau da kin hau duk abu ɗaya ne, haka ya hau da ta hau.

Akwai tarko a nan kusa. Contar na ƙirga ya yi kama da montar ƙwarai, amma shi cuento ake cewa, o ɗinsa na tsagewa ya koma ue idan nauyin murya ya sauka a kansa. Haka encontrar, encuentro, da mostrar, muestro. Ɗalibi mai kaifin kai yakan lura da wannan, sai ya ƙirƙiro muento. Babu wannan kalma. Montar ba ya tsagewa: monto, montas, monta. Siffar kalma ba ta nuna maka wanda zai tsage da wanda ba zai tsage ba, sai dai ka koyi kowanne tare da siffarsa ta yo tun ranar farko.

Ma'anar monto ta fi karkata ga nakan hau. Monto a caballo los sábados, wato nakan hau doki ranar Asabar. In kana nufin a yanzu haka kana bisa doki, sai ka ce estoy montando, da aikatau estar a gaba da montando a baya.

Wajen tú da vosotros, ƙasa da ƙasa sun bambanta, kuma ya kamata ka san da wa za ka yi magana. Vosotros montáis, wato ku kuna hawa, a Sifaniya ake jin ta, can ɗin ma mutanen tsibiran Kanari da wani ɓangare na yammacin Andalus ba su cika amfani da ita ba. Duk Latin Amurka ustedes montan ake cewa, ga yara da manya. Meksiko ita kaɗai ta ninka Sifaniya yawan jama'a fiye da sau biyu, don haka wanda bai riƙe montáis a bakinsa ba bai yi asarar da za ta hana shi magana ba, ya dai gane ta in ya gani. A Ajantina da Yurugwai da Faragwai da yawancin Amurka ta Tsakiya kuma vos ake cewa a madadin tú, nauyin murya ya koma ƙarshe: vos montás. Sai batun girmamawa. Mu in za mu girmama dattijo mukan ce masa ku, sai ɗalibi ya ɗauko wannan ya ce wa mutum ɗaya montan. Ba haka suke yi ba. Usted ake cewa, kuma aikatau ɗinsa irin na shi ko ita ne: usted monta. Asalin kalmar vuestra merced ne, laƙabin girmamawa na da, shi ya sa ta zo da mutum na uku. Mu ma muna da irin wannan, in ka dubi mutum ka ce, Yallaɓai zai hau ne? Da shi kake magana, amma ka yi zancen kamar na wani.

Shuɗaɗɗen lokaci na aikin da aka yi aka gama: monté, montaste, montó, montamos, montasteis, montaron. Montamos ɗin nan daidai take da ta lokaci mai ci, sauran zancen ne zai raba maka su, in ka ji ayer, wato jiya, ka san ta baya ce. Kuma montaste ba ta da s a ƙarshe. Za ka ji wasu masu harshen da kansu suna cewa montastes, kada ka kwaikwaye su, ba a karɓarta a rubutu.

A nan nake so ka natsu, domin nan ne ainihin wahalar take, ba a haddace jadawali ba. Dubi waɗannan huɗu: monto, montó, monte, monté. Haruffa kusan ɗaya, ma'ana huɗu. MON-to, nauyi a gaba, nakan hau. Mon-TÓ, nauyi a ƙarshe, ya hau ko ta hau. MON-te, in hau ko ya hau, irin na fata da umarni. Mon-TÉ, na hau. Tsakanin monto da montó, motsin nauyin murya kaɗai ya sauya mai aikin daga ni zuwa shi, ya kuma sauya lokacin daga yanzu zuwa jiya. Wanda ya ce mi hermano monto ya haɗa ƙanensa da aikatau na kansa, mai saurare sai ya tsaya ya gyara a ransa kafin ya gane.

Bahaushe yana da kunnen wannan aiki tun daga gida. Faɗi waɗannan biyu a fili: Audu ya hau doki, da kuma a ce wa Audu ya hau doki. Ya ta farko doguwa ce, muryarta a sama. Ya ta biyu gajeriya ce, muryarta a ƙasa. A boko rubutunsu ɗaya, amma ba Bahaushen da zai rikita su a kunne. Sifaniyanci ba harshen karin sauti ba ne irin namu, nauyin gaɓa yake amfani da shi, amma horon kunnen ɗaya ne. Inda suka fi mu sauƙi shi ne su suna rubuta bambancin, da ɗan layin nan da ake ɗorawa a kan wasali, wanda suke kira tilde. Ƙa'idarsa gajeriya ce. Kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, nauyinta na kan gaɓa ta biyun ƙarshe. Wadda ta ƙare da wani baƙi daban, nauyinta na kan gaɓar ƙarshe, kamar mon-TAR. Duk kalmar da ta saɓa wa wannan, sai a ɗora mata tilde a nuna inda nauyin ya koma. Montó ta ƙare da wasali amma nauyinta a ƙarshe, dole ta ɗauki alamar. A waya ka danne wasalin ka riƙe, za ka ga á, é, ó sun fito. Kada ka yi kasala da su. Yadda barin lanƙwasar ƙ ko ɗ ke sauya kalma a wurinmu, haka barin tilde yake a wurinsu, kuma in za ka zauna jarrabawar DELE, ta shaidar iya Sifaniyanci, da cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa, rubutunka ne za a duba. Shawarata ita ce kada ka taɓa haddace waɗannan siffofi a zuci. Faɗe su da ƙarfi, kana buga tebur a kan gaɓar da ke da nauyi.

Akwai shuɗaɗɗen lokaci na biyu, na aikin da ake kan yi ko aka saba yi a baya: montaba, montabas, montaba, montábamos, montabais, montaban. Siffarsa ba wuya, amfani da shi ne ke ba mu wahala, kuma dalilin yana cikin ginin Hausa. Mu ina da nakan ba su ɗaure da wani zamani ba. Muna cewa ina kan doki aka fara ruwa, ina ɗin nan ta yi mana aiki ko da abin bara ya faru. Muna cewa da can kakana yakan hau doki, da can ce ta mayar da zancen baya, yakan ba ta sauya ba. Sifaniyanci ba ya yarda da haka. In abin a baya ne, dole aikatau da kansa ya koma baya: montaba a caballo cuando empezó a llover, ina kan doki aka fara ruwa. Mi abuelo montaba a caballo, kakana yakan hau doki a zamaninsa. To ga ma'aunin da zai taimake ka. Duk inda a Hausa za ka ce na hau, sau ɗaya ko sau da aka ƙirga, monté ce. Duk inda za ka ce ina hawa ko nakan hau, amma zancen na baya ne, montaba ce. Ayer monté dos horas, jiya na yi awa biyu a kan doki, an yi an gama. De niño montaba todos los días, ina yaro kullum nakan hau. Montaba ɗaya ce ga ni da shi, don haka nan ne wurin da furta yo ko él ke da amfani in ana tsoron ruɗani.

Sai he montado, has montado, ha montado, hemos montado, habéis montado, han montado. Wannan ce ta ka taɓa: ¿Has montado a caballo alguna vez? Ka taɓa hawa doki? Nunca he montado, ban taɓa ba. Mutumin Madrid yana kuma amfani da ita ga abin da ya faru yau, hoy he montado, inda ɗan Meksiko ko Ajantina zai ce hoy monté. Dukansu daidai ne. Montado ba ta sauyawa bayan haber, wato aikatau ɗin da he, has, ha suka fito daga gare shi, mace ma ha montado za a ce mata. In ta zama sifa ne take bin jinsi da adadi, kamar policía montada, 'yan sandan kan doki.

Lokaci mai zuwa ba ya cin rai, ana ɗora ƙarshen a kan kalmar gaba ɗaya: montaré, montarás, montará, montaremos, montaréis, montarán. A baki an fi cewa voy a montar, da aikatau na tafiya, kusan yadda za ɗinmu ta zan hau take da dangantaka da za ni kasuwa. Na sharaɗi ma haka ake gina shi, montaría, montarías, montaría, montaríamos, montaríais, montarían. Si tuviera caballo, montaría todos los días, da ina da doki da kullum sai na hau.

Yanzu siffar da suke kira subjuntivo, wadda ɗalibai da yawa ke jin tsoronta tun kafin su gan ta. Bahaushe bai kamata ya ji tsoro ba, domin yana yin ta kullum: in hau, ka hau, ya hau, mu hau. Gina ta a aikatan -ar shi ne a mayar da a ta koma e: monte, montes, monte, montemos, montéis, monten. Wuraren shigarta sun yi daidai da namu har abin ya ba da sha'awa. Quiero que montes, ina so ka hau. Para que montes, don ka hau. Antes de que montes, kafin ka hau. No montes, kada ka hau. Ojalá monte bien, Allah Ya sa ya hau da kyau, kuma ojalá ɗin nan daga Larabcin Andalus ta fito, sunan Allah ne a ƙarshenta.

Wuri uku ne muka rabu da su, kuma a nan kurakuran Hausawa ke taruwa. Mu muna cewa ina so in hau. Su in mai so da mai hawa mutum ɗaya ne, ba sa sarrafa na biyun, quiero montar kawai. In ka ce quiero que monte, za a ɗauka wani kake so ya hau. Sannan idan ɗinmu tana ɗaukar ma'ana biyu da suka raba. In hawan tabbas ne, lokacinsa kawai ake jira, cuando ce da subjuntivo: cuando montes, no sueltes las riendas, idan ka hau kada ka saki linzami. In kuwa hawan ne ba tabbas, si ce da lokaci mai ci na yau da kullum: si montas, ten cuidado, in har za ka hau ka yi hankali. Si montes ba ta halatta ba ko kaɗan. Na ukun shi ne komawa baya. Mu muna cewa na so ka hau, ka hau ɗin ba ta sauya ba. Su sai ta bi na farkon baya: quería que montaras. Ana samo wannan siffa daga montaron, a cire -ron a sa -ra: montara, montaras, montara, montáramos, montarais, montaran. Tana da 'yar'uwa, montase, montases, ma'anarsu ɗaya, an fi ganinta a rubutu da kuma bakin mutanen Sifaniya. Ka kula da montara da montará, nauyin murya ne ya sake raba su.

Umarni: monta ga aboki ko yaro, monte ga wanda kake ce wa usted, monten ga jama'a, montad in vosotros ne, montá in vos ne. Hani duk daga subjuntivo yake, no montes, no monte, no montéis, no monten. In ana nufin ɗaga ƙafa a haye bisa sirdi, sau da yawa ana ƙara wakilin suna mai komawa kan mai aiki, montarse: me monté en el caballo, na haye kan dokin. A umarni yana mannewa a baya, móntate, móntese, tilde ta fito saboda kalmar ta ƙara tsawo amma nauyin bai motsa ba. Súbete ma ana cewa, daga subirse, wani aikatau na hawa.

To, cabalgar. A kunne shi ma mai bin ƙa'ida ne sarai: cabalgo, cabalgas, cabalga, cabalgamos, cabalgáis, cabalgan. Matsalar ta rubutu ce. Harafin g a Sifaniyanci sauti biyu gare shi. Gaban a, o, u, g ne irin na gida da gona. Gaban e ko i kuwa sai ya koma sautin maƙogwaro irin na kha ta Larabci, kamar a gente da gitano. Abin da ka rubuta, cabalgé, mai harshen zai karanta shi kabalkhe, saiwar ta lalace. Domin a tsare sautin g na asali sai a cusa u a tsakani, wadda ba a furta ta: cabalgué, a karanta kabalge. Don haka duk inda ƙarshen ya fara da e, u za ta shigo. A shuɗaɗɗen lokaci wuri ɗaya ne, na yo: cabalgué, amma cabalgaste, cabalgó, cabalgamos, cabalgasteis, cabalgaron. A subjuntivo duka shida ne: cabalgue, cabalgues, cabalgue, cabalguemos, cabalguéis, cabalguen, da umarnin da ke fitowa daga cikinsu, cabalgue usted, no cabalgues. Ko'ina ban da nan ba u. Cabalgaré, cabalgaba, cabalgara, cabalgando, duk harafin a ne ke bin g. Wanda aka yi wa gyara sau ɗaya yakan wuce gona da iri ya rubuta cabalguó ko cabalguaste, a can kuwa u ɗin furta ta za a yi, kalmar ta koma kabalgwaste. Duk aikatau mai ƙarewa da -gar haka yake: llegar, llegué, pagar, pagué, cargar, cargué. Masu -car suna komawa qu, sacar, saqué. Masu -zar suna komawa c, cruzar, crucé.

Wurin cabalgar shi ne tafiya a kan doki, musamman mai nisa ko mai kwarjini, kuma an fi samunta a littattafan tarihi da labari da waƙa. Cabalgaron toda la noche, sun kwana suna tafiya a kan dawaki. Dokin yana cikin kalmar, cabalgar da caballo dukansu daga caballus na Latin suka fito, don haka ba sai ka ƙara a caballo ba. In kana ba wa wani ɗan Sifaniya labarin hawan sallah, el emir cabalga por la ciudad ta zauna daidai, domin akwai sarauta da taro a ciki. Amma in ka ce wa abokinka gobe za ka cabalgar a gonar kawunka, zai gane, sai dai zai ji kamar daga littafi ka ɗauko. Sunan da ya fito daga gare ta, cabalgata, shi kam yana bakin kowa. A Sifaniya shi ne jerin gwanon da ake yi da yammacin 5 ga Janairu, Cabalgata de Reyes, ko da yake yanzu motocin ado sun fi dawaki yawa a ciki. A Kolombiya kuwa cabalgata hawa ne na gaske, mahaya su fito da yawa lokacin bikin gari. Mahayin kansa jinete ake ce masa, daga sunan Zanata, ƙabilar Barbar ta Arewacin Afirka da mahayanta suka yi wa sarakunan Garanada yaƙi. Hawa a la jineta, da gajeriyar likkafa, daga gare su aka gada.

'Yar kalmar da ke bin montar ma tana buƙatar kula. A caballo dunƙulalliyar magana ce, kamar a pie, a ƙafa, ba a sa mata el ko un. Doki ne kaɗai ke da wannan gata. Sauran abin hawa en suke ɗauka: montar en burro na jaki, en camello na raƙumi, en bicicleta, en moto. Rundunar San Martín, janar ɗin Ajantina, da ta ƙetare duwatsun Andes na Kudancin Amurka a 1817 yawancinta a kan alfadarai ta yi tafiyar, sai a ce iban montados en mulas. In kuma wani doki takamaimai kake nufi, sai montar ya ɗauki karɓau kai tsaye: monta un caballo blanco, farin doki yake hawa; monté el caballo de mi tío, na hau dokin kawuna. A wasu ƙasashen Latin Amurka, irin su Kolombiya da Peru, za ka ji montar bicicleta ba en, wannan nasu ne. A Ajantina da Meksiko kuma andar a caballo ta yi yawa a baki, sai dai andar yana da nasa karkacewar a shuɗaɗɗen lokaci: anduve, anduviste, anduvo, ba andé ba.

Kada kuma ka yi mamaki in ka ga montar a inda babu doki. Montar un negocio kafa sana'a ne, montar una tienda de campaña kafa tanti, montar un mueble harhaɗa kayan katako. Ga dabbobi tana nufin barbara, el caballo montó a la yegua, ingarma ya yi wa goɗiya barbara, saboda haka kada ka taɓa sa mutum a matsayin karɓau ɗinta, ma'anar da za ta fito ta batsa ce. Montó en cólera kuwa ita ce tamu ta ya hau dokin zuciya.

Iya ɗinmu ma kashi biyu suka yi mata. Na iya hawan doki, wato na koya na ƙware, sé montar a caballo, daga saber. Zan iya hawa yau, wato ba abin da ya hana ni, puedo montar hoy, daga poder. No puedo montar na wanda ƙafarsa ke ciwo ne ko aka hana shi doki, no sé montar na wanda bai taɓa koya ba.

Domin motsa baki, ka bi sauran aikatan da ke kewaye da doki da wannan ma'auni. Ensillar na ɗaura sirdi, trotar na sassarfa, galopar na sukuwa, domar na horar da dukushi, desmontar na sauka, duk sawun montar suke bi ba sauyi, ka sarrafa kowanne a fili daga monto har montara. Uku ne za ka ware. Soltar na saki yana tsagewa irin na contar, suelto las riendas, amma soltamos da solté ba sa tsagewa domin nauyin ya bar saiwa. Herrar, sa wa doki takalmin ƙarfe, e ɗinsa ke komawa ie: hierro, hierras, hierra, amma herramos. Caerse na faɗuwa ɗan kashin -er ne kuma yana da nasa hali: me caigo a lokaci mai ci, me caí na faɗi, se cayó del caballo ya faɗo daga kan doki, da y a madadin i saboda ta faɗa tsakanin wasula biyu, haka ma a jam'i, se cayeron.